Jan Ɗigon Da Ka Ce Kada In Taɓa

Ranar Juma'a

Abban Gimbiya,

Assalamu alaikum. Ya gajiya, ya mai jiki? Allah ya ba Inna lafiya, ka gaishe ta da kyau. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ce ke rubuta mini, direban motar safe zai kawo maka, tunda can babu sabis.

Ka nemi wuri ka zauna. Kwamfutarka ta mutu. Jiya na ɗauko ta zan kai wa shugabar makarantarku ta ciri tambayoyin jarabawar ajinka kamar yadda ka ce. Na buɗe ina gogewa kenan, Gimbiya ta rarrafo ta juye mata kofin shayi. Wannan laifinta ne. Nawa ya fi. Na ga tururuwa za su bi zaƙin, sai na sa sabulu na wanke ta tas, na ɗauraye, na shanya a rana kamar faranti. Wallahi gyara na yi niyya.

Ban manta kashedin shugaba ba, duk malamin da bai miƙa tambayoyinsa ran Litinin ba, kada ya dawo zango mai zuwa. Kai kuwa bana ka fara, ba ka da mai tsaya maka. Amma don Allah kada ka baro Inna. Ni na ɓata, ni zan nemo mafita.

Taka,
Maman Gimbiya

Ranar Lahadi

Abban Gimbiya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, tana cin abinci? Mu lafiya lau, mai laifin ma har haƙori ta ƙara.

Wannan ba mai ɗinki ta rubuta ba. Ni ce! Magana nake yi, waya na rubutawa. Bari ka ji.

Na goya Gimbiya na kai kwamfutar wurin mai gyaran waya na bakin titi. Ya buɗe, ya shinshina, ya ce tunda yake bai taɓa ganin gawa mai ƙamshi irin wannan ba. Ya yi dariya, ni kuwa na fashe da kuka. Sai ya ga tsohuwar wayarka da ka bar mini, ya tambaya ko taka ce. Ya duba, ya ce ka haɗa ta da kwamfutar tun da daɗewa, duk abin da ka ajiye a can, nan ma ana iya ɗauko shi. Matsalar ɗaya, wayar ta kasa buɗe shi sai an sabunta ta.

Ka san jan ɗigon nan da ke fitowa a gefe? Wanda ka ce duk abin da ban sani ba kada in taɓa? Wata biyar ina kauce masa kamar kunama. Ashe shi ne sabuntawar. Mai gyara ya ce ba zai danna ba sai da izinin mai waya. Na ce mai waya na can yana jinya, ni ce nan. Na yi bisimilla na danna. Fuskar ta yi baƙi ƙirin, na ce shikenan, na kashe ta biyu. Kusan rabin awa ina jijjiga yarinyar da ba kuka take ba.

Da ta farfaɗo, ya jona ta da talabijin ɗinsa, ya sa mata kibod da linzamin kwamfuta. Abban Gimbiya, sak kwamfutarka! Har 'yan akwatunan nan masu ruwan ɗorawa a jere.

Sai ya juya baya ya kalli bango. Ya ce ƙanwarsa tana ajinka, idonsa ba zai ga tambayoyin ba, kada gobe a ce an yi satar amsa a ɓata maka suna. In nemo da kaina. Ni da ko sunana ban iya karantawa ba! Amma na tuna ranar da kake haɗa su ina gefe ina tsifar kai, ka sa hoton haƙori da kibiyoyi huɗu, har na ce ya yi kama da turmi an kife. Na dinga buɗewa ɗaya bayan ɗaya, yana gaya mini inda zan danna bai waiwayo ba. A na tara na ga turmina.

Shi ya nuna mini yadda zan yi magana ta rubuta, shi zai buga wannan a takarda. Gobe da sassafe sai makaranta. Ka kwantar da hankalinka.

Taka,
Maman Gimbiya

Ranar Litinin

Abban Gimbiya,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Direba ya kawo amsarka, mai ɗinki ta karanta mini. Na ji ka ce ka yafe, na kuma ji ka ce in je in roƙi shugaba ta ɗaga maka ƙafa. Malam, ka makara, ban roƙi kowa ba.

Ƙarfe bakwai ina ofishinta, goyo a baya, igiya da kibod na aro a jaka. Ta tambaya ina kwamfutar, na ɗora waya kan tebur. Ta kalle ni sama da ƙasa. Ni na jona da hannuna a allon kwamfutar ofis, ni na buɗe. Ta gyara kwanan wata da kibod ɗin, ta tura firinta, takardu suka fito da ɗuminsu. Kai ne na uku da ya miƙa. Malamai masu manyan jakunkunan kwamfuta suna waje suna neman caji.

Ta tsare ni da ido ta ce wa da wa ya gani. Na ce ni kaɗai, ni kuma haƙorin kawai na gane. Ta yi dariya har da cire tabarau, ta ce duk makarantar ba mai ɗan aike mai amana kamar naka. Aikinka na nan.

Kada ka yi saurin sayen wata kwamfutar, wannan ta ishe mu. Sai dai ka nemi wayarka daban, wannan tawa ce. Kuma ka sani, duk kalmar da na faɗa ina kallon yadda take fitowa. Yau na gane sunan Gimbiya ba wanda ya nuna mini. Baɗi ka nemi wani ɗan aiken, kafin nan na iya karatu, ba za a amince mini da tambayoyi ba.

Allah ya ƙara wa Inna sauƙi, ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Maman Gimbiya