Ɗakin Sama a Gonar Trevaskis

Torrevieja, Sifaniya
11 ga Janairu, 2021

Ƙanwata Morwenna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya sanyi, ya gona? Mu nan rana ake ƙwallawa, jiya ma da 'yar shara na buga golf.

Wata 'yar matsala ce ta taso. Tunda muka fita daga Tarayyar Turai, mutanen nan sun ce duk ɗan Birtaniyan da ba shi da takardar zama, kwana casa'in zai yi ya kama gabansa. Haushinmu suke ji, ba wani abu ba. Na je ofishinsu, wata yarinya da na haife ta ta ce, "Ina shaidar kana zaune a nan kafin ƙarshen Disamba?" Na ce, "Shekarata goma sha ɗaya a garin nan, je ki mashayar Barry ki tambaya." Ta ce mashaya ba shaida ba ce. Kin san ban taɓa ba da sunana a hukumar gari ba, haya ma hannu da hannu nake biya, don ban ga abin da zai sa su ci harajina ba.

Zan dawo gida ƙarshen Maris, kafin abin ya lafa. A share min ɗakina na sama mai kallon teku.

Yayanki,
Denzil

Gonar Trevaskis, Cornwall
24 ga Janairu

Yaya Denzil,

Ina gaisuwa. Sanyi da godiya, gona kuma tunda ka tambaya bari ka ji.

Ka girma a nan, ka san furen dafodil ana tsinke shi ne yana rufe, siriri kamar fensir. Da ya buɗe baki, babu kantin da zai karɓa. Yau na tsaya a bakin ƙofa na ga gangaren nan na gabas ya yi rawaya gaba ɗaya, duk furen ya buɗe. Masu wucewa suna tsayawa ɗaukar hoto, ni kuwa hawaye nake.

Bara masu tsinka talatin da biyu gare ni. Bana bakwai. Rumen, mai kawo min 'yan ci-rani duk shekara, ya kwashi mutanensa sun tafi Holan, ya ce min, "Madam, can ba a tambayarmu yaushe za mu koma gida." Na sa talla a jarida, samarin garin nan uku suka zo. Ɗaya ya tambaye ni ko akwai kujera. Kafin rana ta raba ya rage saura ɗaya, shi ma uwarsa ta zo da mota ta ɗauke shi.

Wallahi da na karanta wasiƙarka sai da na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Kai ne fa ka hau jirgi takanas ka zo ka jefa ƙuri'ar mu fita. Kai ne ka tsaya a mashayar ƙauye, hancinka ja wur, kana cewa baƙi sun cika ƙasa, ba sa jin yarenmu, ba sa biyan haraji. Shekara goma sha ɗaya, Yaya, in ban da "kawo giya biyu" me ka iya faɗa da Sifaniyanci?

Maganar ɗaki kuwa, da mai shi a ciki. Tsveta ce, 'yar Bulgeriya, shugabar masu yi min tsinka. Tun ciwon Mama na ajali ta koma can don ta riƙa jin motsinta.

Ƙanwarka,
Morwenna

Torrevieja
9 ga Fabrairu

Morwenna,

Na ga saƙonki, na gode da rashin kunya.

Ni ba irin su ba ne, kuma kin sani. Da kuɗina na zo ƙasar nan, ban ƙwace aikin kowa ba. Ƙuri'ata kuma ko gobe aka sake haka zan jefa. Abin da muka zaɓa daban, abin da 'yan siyasa suka ƙulla daban. In kun rasa masu aiki ku ƙara lada, yaranmu za su fito.

Amma a ce ɗakin da aka haife ni, gadon da Baba ya ƙera da hannunsa, wata 'yar ci-rani ce take miƙe ƙafa a kai? Tirelolin kwanan ma'aikata suna nan bayan rumbu, tunda kin ce mutane sun tafi, ai yawancinsu babu kowa a ciki. Ta koma can. Ina da shekara sittin da huɗu, ga ciwon baya, ba ni da wani wurin zuwa. Barry ma ya sa mashayarsa a kasuwa. Jini ɗaya muke, ki ji tsoron Allah.

Denzil

Gonar Trevaskis
21 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa irin wadda ka aiko.

Ba a ɗakin aka haife ka ba, a asibiti ne, Mama ta sha faɗa. Rabonka na gonar nan ka karɓa tuni ka tafi shan rana da shi, don haka kada ka sake yi min maganar gadon Baba.

Wata goma sha huɗu Mama tana kwance. Wadda kake kira 'yar ci-rani ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ta kuma fita gona da safe ta sunkuya har yamma. Kai kati ka aiko mai hoton jaki da malafa. Ranar jana'iza ka miƙa wa Tsveta kwat ɗinka a bakin coci, ka ɗauka mai karɓar kaya ce.

Duk da haka na karanta mata wasiƙarka, don ba na munafurci. Ta ce, "Yayanki ne, Morwenna. Ni zan iya komawa tirela, na saba." Na ce, "In kin sauko da ko matashin kai ɗaya daga ɗakin nan, ni da ke ne." Ta ce, "To ina zai kwana?" Ka ji, ita ce ma ta damu.

Ga abin da na yanke. Tirela ta uku ba ta yoyo sosai, akwai hita ta ɗumama ɗaki. Amma tirela ta masu aiki ce, mai kwana a ciki yana fita gona. Ɗaukar ma'aikata kuma ba a hannuna take ba, na bar wa shugabarsu tun bara. Ka rubuta mata. Ka gyara harshenka.

Ƙanwarka,
Morwenna

Gonar Trevaskis
15 ga Maris

Mista Trevaskis,

Ina gaishe ka da girmamawa. Na samu takardarka ta neman aiki, na kuma gode da ka rubuta sunana daidai a karo na biyu.

Kafin ka iso dafodil ya ƙare, rabinsa a gona ya ruɓe. Akwai yankan farin kabeji, muna farawa ƙarfe shida. Zan sa ka a layin tsofaffi saboda bayanka. Na wanke labulen tirelar, na sa maka bargo biyu.

Don Allah ka zo ofis da fasfonka ranar farko. Doka ba ta yarda in ɗauki kowa ba sai na duba ko yana da izinin aiki a ƙasar nan.

Ka huta lafiya,
Tsveta Dobreva