Tef ɗin Awo a Bakin Kogi

Raudalen,
14 ga Yuni.

Zuwa ga yayata Ragnhild,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Halvard. Yaya ƙafarsa? Yaya ruwan saman Bergen da ba ya gajiya? Nan kowa lafiya. Ranar Lahadi na je gidan kula da tsofaffi na ga Inna, ta ci abinci sosai, kuma ba ta da zance sai na bikin cikarta shekara casa'in a watan Satumba. Ta ce in faɗa miki kada ki zo da kek ɗin kanti.

An buɗe kamun kifi tun farkon wata, don haka kullum ina bakin kogi da hular gadi da tef ɗin awo a aljihu. Bana ne shekarata ta goma sha ɗaya da karɓar wannan aiki daga ƙungiyar masu kogin. Dokar tana nan yadda kika san ta. Kifin tirawut da bai kai santimita talatin ba a mayar da shi ruwa ya girma, wanda ya haura sittin ma a mayar da shi, domin manyan matan ne ke zuba ƙwai a tsakuwa idan kaka ta yi. Ba su fi a ƙirga ba yanzu.

Makon jiya na kama wani. Vytas sunansa, ɗaya daga cikin mutanen ƙasar Lituwaniya da ke aiki a wurin yankan katako. Na same shi ƙasan gada da kifi uku a leda. Na auna, biyu santimita ashirin da takwas, ɗaya ashirin da bakwai. Ya ce da tafin hannunsa ya gwada, ya ɗauka sun kai. Ya ce, "Maigida, yatsa ɗaya ne fa bambancin. Matata ce ta zo daga gida, nake so ta ɗanɗana." Na ce masa doka ba ta san yatsa ba. Na rubuta shi, na karɓe sandar fatsarsa, kwamiti ya soke masa izini har ƙarshen shekara.

Ƙanenmu Eivind, da yake shi ne shugaban ƙungiya, ya yaba mini a gaban mutane a kanti. Ya buga kafaɗata ya ce, "Ga Yaya nan, ko limamin coci ya kama sai ya auna masa." Aka yi ta dariya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai fuskar mutumin nan lokacin da yake miƙo mini sandar ta tsaya mini a rai. Da hannu biyu ya miƙo ta.

Ki gai da Halvard da yara.

Ƙanenki,
Torleif

Raudalen,
4 ga Agusta.

Yaya Ragnhild,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan kuna lafiya. Na gode da safar da kika aiko, ta yi mini daidai. Na so in kira ki a waya, amma wannan maganar ba zan iya faɗarta da baki ba.

Ranar Asabar da hantsi na gangara gurbin da ke bayan gonar Babanmu, inda ruwa ke zurfi. Na tarar da kwale-kwalen Eivind a ɗaure, shi da baƙi biyu daga Oslo, irin waɗanda ke kama hayar ɗakunansa na bakin kogi. Suna shan kofi suna ɗaukar hoto. A kan ciyawa ga kifi biyu a kwance, an riga an buge musu kai. Ban buƙaci tef ba, Yaya, amma na fito da shi don hannuna ya saba. Ɗaya santimita sittin da takwas. Ɗayar saba'in da huɗu, mace, cikinta ya fara cika da ƙwai. Na san kifin nan. Shekara uku ina ganinta a tsakuwar ƙasan dutsen duk Oktoba.

Eivind bai ko tashi ba. Ya ce, "Yaya, zo ka sha kofi, ka bar wannan igiyar taka ta huta." Na ce masa ya san abin da ya yi. Sai ya ja ni gefe ya rage murya. Ya ce mutanen nan su ne ke kawo masa baƙi duk shekara, ba zai ce musu su saki kifin da suka yi tafiyar awa shida dominsa ba. Ya ce, "A gabansu za ka kunyata ni? Ni da kai ciki ɗaya?"

Na tsaya da littafin rubuta masu laifi a hannu. Na duba baƙin, ɗaya yana murmushi yana jira ya ga yadda mutanen ƙauye ke shirya abinsu. Na mayar da littafin aljihu. Na ce kada a sake, na juya na tafi. Ko kofin ban sha ba, kamar wannan zai wanke ni.

Da na hau gada, Vytas yana tsaye ya jingina da ƙarfe. Tun da aka hana shi kamu, nan yake zuwa ranar hutunsa ya kalli ruwa. Daga wurin ana hango gurbin tsaf. Ya cire hularsa ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Maigida mai awo, yau tef ɗin ya yi gajere ne?" Na wuce kamar ban ji ba.

Tun ranar ban auna kifin kowa ba. Ina zagawa dai, ina gaisawa da masu fatsa, amma in na ga leda sai in kau da kai. Da wane ido zan ce wa wani ya buɗe?

Kada ki faɗa wa Inna.

Naki,
Torleif

Raudalen,
21 ga Agusta.

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku, kuma kowane karatu ya fi na baya ɗaci.

Kin ce in bari har bayan bikin Inna. Kin ce Eivind ya sha wahala tun da matarsa ta tafi, ɗakunan hayar nan su ne suka rage masa. Duk na sani, ni na taya shi ɗora rufinsu. Amma ba ki ce komai a kan mutumin da na karɓe wa sanda ba. Layi ɗaya ma ba ki rubuta a kansa ba, Yaya, ke da kika yi shekara talatin kina koyar da yara gaskiya a makaranta.

Na fara gwada hanya mai sauƙi. Na je gidan Eivind na ce ya sa kwamiti ya mayar wa Vytas izininsa, shi ke nan sai mu rufe maganar, mu duka mu ji kunya tare. Ya yi dariya ya ce, "In muka sassauta wa ɗaya, gobe duk 'yan ƙasarsu za su zo da taru su kwashe kogin." Yana faɗar haka ƙamshin kifi banda yana fitowa daga rumfar bayan gidansa.

Jiya na rubuta rahoton, da rana da wuri da tsawon kowane kifi. Na rubuta har da cewa na gani na yi shiru kwana goma sha takwas. Na miƙa wa sakataren ƙungiya da hannuna. Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Torleif, ka tabbata? Takarda in ta shiga ba ta fita." Na ce na tabbata.

Ba neman shawara nake ba wannan karon. Ina sanar da ke ne don kada ki ji a bakin wani.

Torleif

Raudalen,
19 ga Oktoba.

Zuwa ga yayata Ragnhild,

Bayan gaisuwa, ina fatan kun isa gida lafiya tun bayan biki, kuma Halvard ya samu sauƙi. Ki yafe mini jinkiri. Takardunki biyu suna nan a kan tebur, sai yau na iya ɗaukar biro.

A wurin biki kin tambaye ni yadda zaman kwamiti ya ƙare, na ce miki ba wurin maganar ba ne. Ga yadda aka yi.

An zauna a ɗakin taro na bayan coci, mutum biyar, Eivind ya sauka daga kujerar shugaba ya koma gefe kamar baƙo. Ya ce ƙugiya ta shige wa kifayen can cikin maƙogwaro, suna zubar da jini, ko an sake su mutuwa za su yi, kuma doka ta yarda a kashe irin wannan. Baƙinsa sun aiko da takarda daga Oslo suna faɗar haka kalma da kalma. Na ce ni na ɗaga kifin da hannuna, ƙugiyar a leɓe take. Aka ce wa ya gani ban da ni.

Na riga na je wurin Vytas kafin zaman. Na same shi yana loda katako, na roƙe shi ya zo ya faɗi abin da ya hango. Ya goge hannunsa a wando ya ce, "Mai wannan wurin yana cikin kwamitinku, ko ba haka ba? Kai in sun kore ka, gidanka naka ne. Ni ɗakin da nake kwana ma nasa ne." Na ce zan tsaya masa. Ya ce, "Kai? Ka tsaya wa kanka tukuna." Bai zo ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Daga nan zaman ya juyo kaina. Tsoho Arnfinn, wanda ya yi aiki da Babanmu a daji, shi ya tambaya. Ya ce, "Ɗana, in laifi ka gani, me ya sa ka kwana goma sha takwas a kansa? In kuma ba laifi ba ne, me ya kawo mu nan?" Gaskiyarsa ce. Suka rubuta cewa babu hujja a kan Eivind. Suka rubuta cewa mai gadin da ke zaɓar ranar da zai ga laifi bai dace da aikin ba. Kafin in fita na ajiye hular da littafin a kan tebur. An ba surukin Arnfinn aikin.

Na nemi abu ɗaya kafin in tafi, a mayar wa Vytas izininsa. Suka ce nasa laifin a rubuce yake, da hannuna, kuma shi bai musa ba.

Abin da ba ki gani ba a wurin biki shi ne lokacin da na tura Inna a keken marasa lafiya zuwa mota. Ta riƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce, "Tun kuna yara haka kake, Torleif. Kai ne mai zuwa ka ce Eivind ya yi kaza. Na ɗauka tsufa zai raba ka da halin." Na ce, "Inna, ba ki san yadda abin yake ba." Ta ce, "Na san ka kai ƙanenka gaban mutane." Sai ta saki hannuna ta ce in kira Eivind ya ɗaga ta, shi ya fi iyawa. Sau uku na je wurinta tun ranar. Tana amsa gaisuwa, ta tambayi ko an fara sanyi, sannan ta ce barci take ji.

A kanti yanzu in na shiga sai hira ta koma kan farashin mai. Wani ya tambaye ni ko zan auna burodin kafin in saya. Waɗanda suka yi dariya su ne dai waɗanda suka yi mini tafi a watan Yuni.

Yaya, na yi ta juya abin. Wata rana in ce da na ƙyale Vytas da kifinsa uku tun farko, da na iya ƙyale Eivind ba tare da na tsani kaina ba. Wata rana in ce da na rubuta Eivind nan take a gaban baƙinsa, da ba wanda zai iya juya maganar. Abin da na yi shi ne mafi muni, na yi tsanani ga wanda ba shi da kowa, na yi laushi ga namu, sannan na zo gyarawa bayan gyaran ba zai amfani kowa ba. Wannan ba kwamiti ne ya ɗora mini ba.

Kin ce mu haɗu duka a gidan Eivind lokacin Kirsimeti don Inna, ki sa mu sha hannu. Ba zan zo ba. Ba fushi nake da ke ba, amma in na zauna a teburin nan za a jira in ce a yi haƙuri, kuma na san kaina, zan faɗa. Ki bar ni da wannan ɗan abin da ya rage mini.

Ki gai da Halvard, ki ce ya riƙa motsa ƙafar ko da tana ciwo. Ki gai da yara.

Ƙanenki,
Torleif