Huffin Baba

Akwatialine, Kumasi
3 ga Maris

Yaya Rafi'atu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya da duk mutanen Tamale. Mu ma alhamdu lillahi, sai dai gidan ya yi mini faɗi tun da kika tafi.

Yaya, akwai abin da na kasa gaya wa kowa. Mako uku ke nan, mai yankan farcen ƙofar masallaci ya ɗan yanki Baba a babban yatsan ƙafa. Ya ce ba komai. Amma tun daga ranar huffi yake sawa, duk da zafin nan, kuma in zai yi alwala shafa kawai yake yi a kai. Jiya na ɗauki safarsa zan wanke, na ji wari.

Kin san ciwon sugansa. An koya mana a makaranta cewa fararen ƙwayoyin jini ne ke kai wa rauni ɗauki, su cinye ƙwayoyin cuta. In suga ya yi yawa, sai su yi sanyin jiki, su makara. Malama tana bayani, ni ƙafar Baba nake gani. Na ci tambayar a jarrabawa, amma na kasa buɗe baki a gabansa. Sau biyu ina durƙusawa, sai in ce abinci ya sauka. Da Mma tana raye, da ita za ta faɗa.

Ki shafa mini kan jaririya.

Ƙanwarki,
Nasiba

21 ga Maris

Yaya Rafi'atu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya.

Ban iya jiran amsarki ba. Ranar Asabar Baba yana wanka na ɓoye huffin. Da ya kira ni, na durƙusa, na ce ba zan fito da shi ba sai mun je asibiti. Muka hau trotro, motar haya, muka tafi.

An cire yatsan. Likita ta ce da mun ƙara mako guda, da ƙafar ce za ta tafi.

Tun da aka sallame mu bai tayar da maganar ba, ni ma haka. Amma jiya Alhamis na dawo daga makaranta, na tarar da sabon abin yankan farce a kan littafina. Baba yana zaune a tabarma. Ya miƙo mini ƙafafunsa, yana kallon bango.

Faratan tara ne yanzu, Yaya. Na yanke su a hankali.

Allah ya sada mu da alheri.

Taki,
Nasiba