Ɗumin da ke Ƙarƙashin Karon Inna

Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Aljeriya? Yaya aiki da mutanen ɗakinku? Mu nan Filinge gero ya shiga rumbu, sai dai hankalina a tashe yake.

An gama shimfiɗa karon marmara, wato tayil, da ka sa a yi wa Inna a daɓen ɗakinta. Ya yi kyau, har awaki na leƙowa kallo. Amma magini ya bi da wayar kuran, wato lantarki, ta ƙarƙashinsa, yanzu bakin gadon ɗumi yake yi. Shekaranjiya na taka wurin da jiƙaƙƙiyar ƙafa, wallahi wani abu ya fizge ni har haƙora.

Na gaya wa Inna, ta ce, "Kai Idi, ja can da shegantakarka! Ai irin na can ne, da yayanka ya ce ƙasan ɗaki na ɗumama kanta. Gwiwoyina ma sun yi sauƙi." Baba ya ce wa zai yarda da mai sa wa mutane kwaɗo cikin takalmi? Na kashe kuran, suka kunna.

Yaya, a wurin Inna take zama ta yi alwala, ƙafa ba takalmi. Salularka ba ta shiga. Don Allah ka kira ta, ka ce a ɓalle karon a gyara wayar, maganarka kaɗai take ji. Kafin nan na ɓoye butarta. Tana ta zagina, gara zagin.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida su Sani.

Ƙanenka Idi. Wanga karo ba wasa nike ba.