Tarin Inna da Takardar da Na Liƙa

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
Inna ta tashi da tari da yoyon hanci. Na auna zafin jikinta sau uku: 37.6, 37.8, 37.6. Na buɗe babban littafina, shafi na goma sha huɗu, inda na liƙa takardar wayar da kai da aka raba mana a ofis bara. Bayaninta a fili yake: yawancin mura ƙwayar bairas ce ke kawo ta, kafso ba ya kashe bairas, bakteriya kaɗai yake kashewa, kuma mura kan tafi da kanta cikin kwana bakwai zuwa goma. Saboda haka na sanar da gida cewa ruwan ɗumi, zuma da hutu kawai za a ba ta.

Talata, 9 ga Yuli
'Yan dubiya sun fara. Abin da ke ƙona mini rai shi ne babu mai zuwa hannu sake. Maƙwabcinmu Malam Nagoda ya zaro ragowar kafso ja da rawaya daga aljihu, wai shi ya warkar da haƙorinsa. Haƙori! Wata ta kawo nata ƙulle a bakin mayafi. Na karɓe duka cikin ladabi, na zuba a gwangwanin madara, na rubuta “Kada a taɓa” a murfin.

Alhamis, 11 ga Yuli
Ƙanwata Bahijja ta zo daga Gyallesu. Ta ce in dai ba zan kai Inna asibiti ba, to ko kemis a kira ya yi mata allura. Na karanta mata takardar daga sama har ƙasa, sau biyu. Ta ce Yaya kai ko gida ne ke ci da wuta sai ka nemi shafin da ya yi magana a kan wuta. Ta ƙara da cewa in Inna ba ta ji sauƙi zuwa Lahadi ba, za ta ɗauke ta ta koma gidanta. Shekara goma sha ɗaya Inna na hannuna.

Juma'a, 12 ga Yuli
38.4. Rana ta biyar ce kawai. Takarda ta ce bakwai zuwa goma.

Asabar, 13 ga Yuli
Inna ta yi sallar azahar a zaune. Maiɗakina Rauda ta ce numfashinta na yin sauri, kuma tana dafe haƙarƙari in ta yi tari. Na sake duba shafin, babu maganar haƙarƙari. Na ce a ƙara zuma. Rauda ta dube ni irin kallon da ban so ba.

Lahadi, 14 ga Yuli
Bahijja ta iso da keke napep tun hantsi, ba ta ko cire takalmi ba. Na ce to a je asibitin unguwa, domin a yi gwaji a rufe bakin kowa. Na tafi da littafina.

Jami'ar da muka tarar, Sista Jannatu, ta soki ɗan yatsan Inna ta ɗebi ɗigon jini ta sa a wata 'yar na'ura. Ta bayyana cewa na'urar tana auna wani sinadari da ke hauhawa in jiki na yaƙi da bakteriya; in ya yi ƙasa, galibi bairas ne, ba a ba da kafso. Na ce mata haka na karanta. Bayan 'yan mintoci lambar ta fito, ta yi sama ƙwarai. Ta saurari ƙirjin Inna ta gaba da ta baya, ta ce nimoniya ce, mai yiwuwa ta biyo bayan murar.

Sannan ta tambaya ko Inna ta sha wani magani. Na ce ko ƙwaya ɗaya, da ƙarfin zuciyata. Sai Inna ta sunkuyar da kai.

“Ai mutum ba ya tako ƙafa ya kawo maka abu ka ƙi,” in ji ta. “Kowa na sha masa ɗaya.”

Ashe kafin su ba ni ragowar, sun riga sun ba ta a ɗaki. Kala huɗu. Sista ta ce wannan shan ɗaiɗai bai warkar da komai ba, kuma yana iya ɓata gwajin kakin da za a aika. Na juya in kalli Bahijja, sai Sista ta nemi ganin takardar tawa. Ta karanta, ta ce daidai ne, ta san ta. Ta sa farce a gefenta ta ji ta manne.

“Malam, ina bayanta?”

An kwantar da Inna.

Litinin, 15 ga Yuli
Ban san takardar tana da baya ba. Wato na sani, amma na ɗauka adireshin masu bugawa ne kawai.

Laraba, 17 ga Yuli
Zazzaɓin ya sauka, 37.1. Inna ta sha kunu. Malam Nagoda ya zo asibiti da wani kafson. Na raka shi wurin Sista, ita ta yi masa bayani, don ni na gaji. Na miƙa mata gwangwanin ma.

Asabar, 20 ga Yuli
An sallame mu. A bakin ƙofa Bahijja ta tambayi Inna gida wanne. Inna ta ce Tudun Wada, wato gidana, “don shi wannan in ba ya ganina ba zai iya cin abinci ba.” Ba ta taɓa kiran sunana ba, ɗan fari ne ni.

Bayan la'asar na kara shafi na goma sha huɗu a tururin butar shayi har gam ɗin ya saki. A baya an rubuta da jan rubutu: tsofaffi da ƙananan yara, in numfashi ya yi sauri ko haƙarƙari na ciwo, kada a jira, a je a yi gwaji nan take. Ban ga laifin takardar ba. Na ajiye ta a sake cikin littafin.

Akwai sauran takardu talatin da shida da na liƙa. Na ce wa Rauda ta ƙara ruwa a butar.