Ɗakin Barci Ba Taga

Vittin, Tamale

Yaya Najat,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya sanyin Kumasi? Mma tana gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi.

Yaya, zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Asibitin da kika bari za su gina wa ma'aikata gidan hutu da motsa jiki, kuma ofishinmu aka ba zanen. Oga ya miƙa mini aikin. Ranar da na je zama da kwamiti, wa zan gani a kujerar shugaba? Sumaila. Shi dai, wanda ya ɗauke ki hoto kina barci a kan gadon tura marasa lafiya bayan kin haɗa aikin kwana da na yini, ya watsa wa duk ma'aikata a waya. Ya ƙara tumbi. Bai gane ni ba, ni kuma ban taya shi ba.

Kin san abin da ya nema? Wai ɗakin hutun nas-nas a yi masa bangon gilashi, ya fuskanci ofishinsa, don marar laifi ba ya tsoron a gan shi. Na rubuta maganarsa kalma-kalma. Na tuna yadda kika dawo gida Changli kika rufe kanki a ɗaki, ko masallaci ba ki leƙawa. Ban yafe ba, Yaya. Kada ma ki ce in yi haƙuri.

Oga ya ce in zanen bai gamshi kwamiti ba, zai karɓe aikin daga hannuna. To, mu gani.

Ƙanwarki,
Wasilatu

Yaya Najat,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga saƙonki, na kuma ga wa'azin da ke ciki. Allah ya ba ki lada, amma kin makara.

Gilashin da Sumaila ya nema na ba shi, bango guda cur. Sai dai a ɗakin motsa jikin shugabanni na sa shi, daidai wurin da ma'aikata ke ajiye babura safe da yamma. Ashe likita ya ɗora masa gudu a kan na'ura saboda hawan jini, kowa ya sani. Da ya gane inda zai riƙa zufa, sai ya fara kame-kame, wai ai manya suna bukatar sirri. Na buɗe takardata cikin ladabi na karanta masa maganarsa. Matron Adisa, shugabar nas-nas, ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna girgiza don dariya. Aka ɗaga hannu don amincewa da zanen, shi kaɗai ya rage. Wallahi na ji daɗi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ɗakin barcin nas-nas yana can baya. Iska da haske ta sama suke shiga, ba taga ko ɗaya a tsayin idon mutum, kuma ƙofar daga ciki ake kulle ta.

Na roƙi Matron abu ɗaya, ta amince. Ranar buɗewa, kafin kowa ya shiga, ke za ki fara. Ki zo ki kwanta, Yaya, ki yi barcinki har ya ishe ki. Ni zan zauna a bakin ƙofa.

Taki har kullum,
Wasilatu