Takalman da Sunka Kwana Zauren Maƙwabci

Ya Husainatu ta Taloka, ruwan randa tsakar bazara, hwarin wata bisa gulbin Rima, albasar hwadama mai sa dattijo hawaye ba a buge shi ba! Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga Halliru na Wurno, tsohon malamin hakimi, wanda idonshi ya dushe, gwiwarshi ta ƙi, zuciyarshi kuwa ta ƙi jin magana.

Ina taya ki murna, hasken idona! Laraba mai daddawa ta zo cin kasuwa, tac ce Taloka duka ba a zancen kowa sai maƙwabcinki Abdulƙadiri da buɗaɗɗen hannunshi. Wai goro shi kai maki, wai zane baƙi mai sheƙi, wai mazarƙwaila, wai takalma na jar hwata. Wai har kin ce in an gama cirar albasa liman shi ɗaura maku aure. Allahu akbar! Abdulƙadiri? Mutumen da ka tsotsar ƙwallon goruba shi aje don gobe? Yaushe kuka ta koma dabino ban ji ba?

Mi zan ce maki, sanyin raina? Goron nan nawa ne. Zanen nan ni nat tsaya bakin marina har anka buge shi. Mazarƙwailar nan ni naƙ ƙi sha, ga shi ba ni da haƙoran da za ta ɓata. Duk ranar kasuwa ni ka ɗaure ƙunshi in ba Mode mai jaki, in ce hannu da hannu. Shi kuwa Mode, Allah shi shirye shi, in ya isa ya iske kina hwadama, sai shi ce bai dace a bar kaya ƙohwar gidan da ba namiji ba. Ga zauren Abdulƙadiri bakin hanya, ga inuwa, ga hura. Mode shi sha, jakin shi huta, ƙunshina shi kwana. Da sahe maƙwabcin kirki shi kwance igiyata, shi sake ɗauri, shi yi sallama da murmushi awa wanda yad dawo daga Gwanja!

An ce inuwar giginya na nesa ka sha. Da na ji daɗi, ni da ke nesa. Ashe ke tsamiya ce, na gindi ka sha, mu na Wurno sai rana.

Kin tuna daminar bara, ranar da munka haɗu mashiga, gulbi ya cika ya batse? Sandata ta zame wajen shiga jirgi, kika sure ni da hannu guda kika aje, kic ce damin karan dawa ya hi ni nauyi. Mutane sunka yi dariya, ni ma nay yi, don tun rasuwar mai ɗakina ba hannun da yat taɓa ni sai na wanzami. Kika ɓare goronki kika ba ni babban ɓarin. Haba Husainatu! Wane ɗan Adam ka cin wannan ɓarin shi sake barci lahiya? Da kika sauka kika tahi, ni ban tahi ba. Na durƙusa cikin laka, da wagga gwiwa tawa, nas sami kara nag gwada sawunki, dama da hagu, tun ruwa bai shahe shi ba. Nan nag ga ƙaramin yatsanki na hagu ya ɗan karkace waje, awa jinjirin wata. Nac ce wa baduku shi buɗa takalmin hagu daidai nan, kada shi matse abin da nike so.

To, Laraba tac ce abin da yas sace zuciyarki ke nan: wai Abdulƙadiri ya san ƙahwarki da ido, ba gwaji! Kai, wanga malami ya kai! Shekara nawa shina kallon ki ta saman darni, bai taɓa lura zanenki ya tsuhwa ba, sai bana anka yi mashi buɗi? Tambaye shi, ya tauraruwar asuba, tambaye shi gaban mutane: wane baduku yaɗ ɗinka? Wane takalmi yah hi hwaɗi, kuma don mi? In ya amsa, na yahe mashi goron da zanen, har jakin Mode in sai mashi.

Ke ma da naki, zumata. Mace mai gane ruɓaɓɓar albasa tun tana cikin ƙasa, yaya anka yi ba ki gane wagga ba? Ba ki ji ƙamshin Wurno ga zanen ba? Ko kuwa kin ji, kin ga dai ƙohwa kusa ta hi ƙohwa nesa? Zamanin da nike rubuta wa hakimi, takardata ta kan tahi har teburin Bature Di'o Sakkwato, ta ƙetare dogarai da masinjoji, ba ta ɓata ba. Yau ƙunshin ƙauna ya kasa ƙetare darni guda!

Ba ni ɓoye maki, gidana ya yi shiru. In na yi tari, ni ka ce wa kaina sannu. Da yamma ni kan zauna in kalli hanyar Goronyo, wadda ka bi ta Taloka, har garken shanu shi wuce, in ce yanzu ta sa takalman, yanzu tana tunawa da ni. Ashe kina tunawa da wani, cikin takalmana!

Wagga takarda ban ba Mode ba. Laraba za ta sa ta hannunki, ki kai wa liman shi karanta maki, tunda shi ma zancen ya shahe shi.

Saura ƙunshi guda, shi ne na ƙarshe. Kasuwa mai zuwa Mode zai aza ni bisa jakinshi, ni gehe guda, mangul ɗin gishiri gehe guda, in gishirin ya rinjaya a ƙara man dutse. Karan da nag gwada sawunki shina hannuna. Na san kina hwadama, na san halin Mode: zauren Abdulƙadiri zai sauke ni. Madalla! Zan zauna bisa tabarmarshi, in sha hurarshi, in ga ko ni ma zai sake man ɗauri shi kawo maki shi ce daga gare shi.

Ki zo ki amshi kayanki kahin rana ta hwaɗi, Husainatu. Goro kan jure ajiya in an yayyahwa mashi ruwa. Wanga kaya ya bushe da yawa, ba shi jure kwanan zaure.

Naki ne ni, yau da gobe, har ranar da za a naɗe ni a kai ni gidan da ba a kuskuren ƙohwa.

Halliru na Wurno